Waƙar da ɗanki yake ji a gona, kin san abin da take yabo?

Da kakar bana na je garinmu a yankin Dambatta, na tarar da ɗan yayana mai shekara 16 yana tsinkar gyaɗa, waya a aljihu, abin sauraro a kunne, yana ta kaɗa kai. Na ce, "Kai, me kake ji haka?" Ya ce, "Gwaggo, tiraf ne, wajen mai cajin waya aka tura min." Turancin ko rabi bai gane ba, kiɗan ne ya tafi da shi. Da na duba sunan kundin sai gabana ya faɗi.

Sunansa Wrld on Drugs, wato duniya cikin maye. Mawaƙan gambarar Amurka biyu ne suka haɗu suka fitar da shi a watan Oktoban 2018: Future ɗan birnin Atlanta, da Juice WRLD ɗan Shikago. Salon tiraf a kudancin Amurka ya taso, kuma asalin kalmar gidan da ake sayar da ƙwaya take nufi. Cikin abubuwan da irin waɗannan waƙoƙin suke yi wa kirari har da maganin tari mai kodin da ake haɗawa da lemon kwalba.

Wata 14 bayan fitowar kundin, a Disambar 2019, Juice WRLD ya mutu yana da shekara 21. Binciken likitoci ya nuna kodin da wani maganin kashe zafi mai ƙarfi ne suka yi masa yawa.

Mu nan Kano kodin ba baƙo ba ne. Bayan fim ɗin binciken da BBC ta yi a 2018, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk da haka a wurin aikina na jinya ina ganin samarin ƙauye da ake kawowa ranga-ranga.

Jin waƙa kaɗai ba ya mai da yaro ɗan maye, kuma ƙwace waya sai dai ya koya masa ɓoyo. Ki tambaye shi abin da yake ji, ki sa wanda ya iya Turanci ya fassara muku tare, sannan ki ba shi labarin ƙarshen mawaƙin. Ki kuma lura da yawan barci da rana, jan magana, yawan susa, taurin bayan gida, da kwalabe a cikin kara ko bayan rumbu. In numfashinsa ya yi ƙasa ko ya ƙi tashi daga barci, a garzaya asibiti nan take. In abin ya riga ya kama shi, akwai asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ɗan yayana ya yi shiru da ya ji shekarun mamacin, can ya ce, "Ashe shekara biyar kawai ya ba ni." Bai goge waƙoƙin ba, amma yanzu ya san abin da suke faɗa.