Sinadaran Da Ke Cikin Abinci Da Ciwon Jijiyoyi: Bayani Ga Jama'a

A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da likitoci ke kira ƙwayoyin mast. Wani Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ne ya fara bayaninsu a shekarar 1878. Da ya gan su cike da ƙananan ƙunshe-ƙunshe, sai ya zaci ƙoshi ne, ya raɗa musu suna daga kalmar Jamusanci mai nufin turka dabba don ta yi ƙiba.

Mazauninsu shi ne fata da hanji da huhu, kuma galibi suna maƙwabtaka da bakin jijiyoyi masu kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Idan wani abu ya tsokane su, sai su zubar da histamin da wasu sinadarai, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi ko raɗaɗi. Ita ma jijiyar da ta ji zafi tana fitar da nata sinadarin da ke ƙara tunzura su. Da haka ne ciwo kan daɗe bayan rauni ya warke. Masana na danganta wannan da ciwon ɓarin kai da wasu cututtukan hanji. A shekarar 2013, wani bincike da aka yi kan ɓeraye a Amurka ya nuna cewa suna da hannu a raɗaɗin amosanin jini, cutar da gidaje da yawa a ƙasar nan suka san zafinta.

Daga cikin sinadaran da aka gano suna kwantar da waɗannan ƙwayoyi akwai kwasetin, wanda ke cikin albasa, musamman ja, da ganyen zogale da ganyen shayi. Akwai lutiyolin a cikin koren tattasai, da kuma sinadarin da ke ba gangamau launinsa. Sai wanda ake kira PEA, da aka fara tacewa daga gwaiduwar ƙwai da gyaɗa da waken soya a shekarar 1957. Jiki ma yana haɗa shi da kansa. A 1993 Rita Levi-Montalcini ta ƙasar Italiya da abokan aikinta suka bayyana cewa yana rage zubar sinadaran ƙwayoyin mast. Shi ne aka fi gwadawa a kan masu ciwon jijiya, wasu kuma sun sami sauƙi.

Sai dai ya kamata jama'a su fahimci cewa mafi yawan binciken a ɗakin gwaji da jikin dabbobi aka yi shi. Hanji kaɗan yake tsotsa daga kwasetin da sinadarin gangamau, don haka abin da ke cikin miya ba zai tsaya a matsayin magani ba, duk da amfaninsa. Ƙwayoyin gangamau masu ƙarfi da ake sayarwa kuwa sun taɓa yi wa wasu lahani a hanta, kuma suna iya karo da magungunan tsinka jini.

Saboda haka ana kira ga masu juna biyu da masu shan magani kullum da su tuntuɓi likita kafin su sha irin waɗannan ƙwayoyi, su kuma duba lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ana roƙon dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi su sanar da mutanensu cewa mutuwar tafin ƙafa ko zafi kamar wuta na iya zama alamar ciwon sukari ko kuturta, waɗanda sai an je asibiti an auna kafin a tantance.