Wa'adin Kai Ƙarar Wariya a Amurka

A Amurka, dokar 1964 ta hana nuna wariya wajen aiki saboda launin fata, ko addini, ko jinsi. Ta 1968 kuwa ta hana ta wajen sayar da gida da ba da haya. Amma fa ƙara tana da wa'adi. Mai ƙarar gida shekara guda gare shi. Mai ƙarar aiki kuwa kwana 180 kacal, ko 300 in jiharsa ko garinsa na da hukumar hana irin wannan wariya. Lissafin daga ranar da aka yi zaluncin ya ke farawa, watau kwanakin da ma'aikaci ya ɓata yana kai kuka ga shugabanninsa na wurin aiki duk a cikin wa'adin su ke.