Hutun Iyali a Kan Dutsen Tula

Wanda ya bar garin Gombe da sassafe ya kama hanyar Yola, sai ya wuce Kumo kafin ƙasa ta fara sauya kama. Daga Billiri zuwa Kaltungo duwatsu ke ta ɓullowa, wasu a tsaye cak su kaɗai a tsakiyar gonaki, wasu a jere har iya ganin ido. A cikinsu, wanda ya fi dacewa da magidanci mai tafe da mata da yara shi ne na Tula, a ƙaramar hukumar Kaltungo, tafiyar kusan kilomita 100 daga babban birnin jihar.

Tula gari ne a bisa dutse, da gidajensa da gonakinsa da makarantunsa. Hanyar mota na hawa har sama, tana lanƙwasa tana bin gefen tsauni, don haka kaka mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara biyar duk za su iya kaiwa inda ake hango ƙasa shimfiɗe. Masu jini a jika kuma sai su sauka daga mota, su bi ƴan hanyoyin ƙafa da mutanen garin suka daɗe suna bi zuwa gona da rafi.

Sauƙin nan na yau kuwa ya samo asali ne daga wuyar jiya. A ƙarni na 19, bayan Buba Yero ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahayan dawaki ne ke da iko da sarari. Doki ba ya hawan dutse da gudu, shi ya sa al'ummomin kudancin Gombe da dama suka riƙe tsaunuka a matsayin ganuwa. Tarihin da Tulawa ke bayarwa, a yankunansu na Wange da Yiri da Baule, shi ne mayaƙan Buba Yero ba su ci su da yaƙi ba. To amma mai zaman dutse dole ya ci abinci. Sai suka riƙa tsince duwatsu suna jera su a gangare, suna yin gonaki hawa-hawa kamar matakalar bene. Jerin duwatsun na tare ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta, yana kuma rage wa ruwan gudu har ya samu ya nutse. A kan waɗannan gonaki ake noman dawa da wake da gyaɗa, kuma hanyoyin da ke ratsa su ne baƙo ke takawa a yau ba tare da igiya ko wani kayan hawa ba.

Turawan mulkin mallaka ma sun yi sha'awar wurin. A Tula suka kafa cibiyar mulkin yankin Tangale-Waja, kuma tsohon gidan yarin da suka gina na cikin abubuwan da masu ziyara ke tsayawa kallo, tare da koguna.

Su kansu duwatsun suna da nasu labarin. Yawancin dutsen yankin yashi ne da manyan koguna suka tara fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, ya danne ya daskare. Masana ilimin ƙasa na kiran irinsa da sunan Dutsen Bima, wanda ke kusa da kogin Gongola a Yamaltu-Deba. Idan yaro ya goga yatsa a jikinsa zai ga tsabar yashi na zubowa, abin da ke nuna dalilin da ya sa ruwa da iska ke iya rarake shi su yi kogo. Masu tsinin nan da ke tsaye su kaɗai, irin Dutsen Tangale, daban suke: ragowar maƙogwaron tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, masu taurin da ya sa suka rage bayan abin da ke kewaye da su ya zaizaye. Iskar sama kuma ta fi ta Gombe sanyi, domin zafi kan ragu da kusan digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000.

Lokacin tafiya na da muhimmanci. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Gombe, dutse ya ɗau rana har tafin ƙafa ya gaya wa mutum. Da damina ko'ina kore shar, amma hanya na santsi, ciyawa ta yi tsawo. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne aka fi jin daɗi, lokacin da hutun makaranta na Disamba ya zo daidai da dawowar ƴan garin gida bikin Kirsimeti, sai dai hazon hunturu kan rage nisan hange. A fara hawa da hantsi, a tanadi ruwan sha mai yawa, a sauko kafin magariba.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi a ƙasar Kaltungo: kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƴar ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana fakewa ƙarƙashin duwatsu, dafinta kuma na hana jini daskarewa. Saboda ita aka yi asibitin saran maciji na Kaltungo, mai karɓar dubban mutane a shekara, akasari manoma da makiyaya a lokacin shuka da girbi. Mai ziyara ya sa takalmi rufaffe, ya bar silifa a mota, a kuma hana yara cusa hannu a ramuka ko ɗaga duwatsu. In tsautsayi ya faɗa, ba a ɗaure wurin saran, ba a tsaga shi, ba a tsotsa. A hana mutum yawan motsi, a garzaya da shi asibiti.

Sai kuma ladabin baƙunta. Gonakin nan na mutane ne, jerin duwatsun kuma gumin kakanni ne, ba a tumbuke su don neman wurin zama ko ɗaukar hoto. Iyalin da suka fara isa wurin mai unguwa suka yi gaisuwa kan samu saurayi ɗan gari ya yi musu jagora, ya nuna musu hanyar da yara za su iya bi da kuma wuraren da al'ada ta ce sai da izini ake shiga.