Sokoban: Yadda Akwati Biyu Kan Ɗaure Wa Mai Basira Kai

A cikin shekarar 1981 ne wani mutumin ƙasar Japan mai suna Hiroyuki Imabayashi ya ƙago wani wasa na kwamfuta, kamfaninsa na Thinking Rabbit kuma ya fitar da shi kasuwa a 1982. Sunan wasan Sokoban, watau mai tsaron sito. An rarraba daɓen siton gida-gida kamar na dara, aikin ɗan wasa kuwa shi ne ya tura kowane akwati zuwa gurbin da aka yi wa alama. Dokokin ba su da yawa: akwati ɗaya ake turawa a lokaci guda, ba a janyo shi, ba a kuma tsallake shi.

Saboda haka kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aiki duka. Akwatin da ya shiga kusurwar da ba gurbi ba ya zauna ke nan. Wanda ya manne da doguwar katangar da ba ta da gurbi ko mafita, shi ma ya salwanta. Haka nan idan akwatuna huɗu suka haɗu biyu-biyu, babu wanda zai motsa.

Da wasan ya bazu, sai masu sha'awarsa suka shiga tsara nasu ɗakunan. Ɗaya daga cikinsu, David Skinner, ya fitar da wani jeri mai suna Microban a shekarar 2000, mai ɗakuna 155, galibinsu ƙanana. Ɗakin farko na jerin ya isa misali ga mai karatu.

Gidaje 14 ne kawai a ɗakin, da akwati biyu. Na farko yana jikin katangar yamma, tuni yana kan gurbinsa. Na biyu yana ɓangaren gabas, gurbinsa kuwa yana can ƙuryar arewa. Wanda ya duba sama-sama sai ya ce rabin aiki ya ƙare. Amma da zarar ya tura akwati na biyu yamma, zai tarar ba shi da hanyar zagayawa kudu da shi, domin na farkon ya tare hanya. Idan kuma ya yi ta danna na farkon kudu don ya wuce, ƙarshenta kusurwa zai jefa shi.

Dabarar ita ce a fara da ɓata abin da ya gyaru. Sai a ɗaga akwati na farko daga gurbinsa taki ɗaya zuwa arewa, hanya ta buɗe. Sa'an nan a tura na biyu yamma, a zagaya kudu da shi, a tura shi arewa taki ɗaya. A nan ne tarko na biyu yake, gama hanya ta miƙe ɗoɗar zuwa gurbi, zuciya kuma tana kwaɗayin a ƙarasa. Wanda ya biye mata ya toshe ƙofa guda ɗaya tak da ake bi a kai ga bayan akwati na farko, ba kuwa zai sake mai da shi gurbinsa ba. Abin yi shi ne a kawar da na biyun gabas ya jira, a haura arewa, a mai da na farko mazauninsa, kana a dawo a ƙarasa da na biyu. Taki 33 ke nan, takwas daga ciki turi ne.

Gwanayen wasan sukan soma lissafi ne daga ƙarshe. Sukan tambayi kansu wane gurbi ya kamata a cike daga baya, kuma a ina mai turin zai tsaya sa'ad da zai yi turin ƙarshe. Har ila yau sukan gane gidajen da akwati ba ya fita idan ya shiga, tun kafin su ɗaga ƙafa.

Masana ma ba su raina wasan ba. A 1997 Joseph Culberson na Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada ya tabbatar da cewa Sokoban yana cikin rukunin matsalolin lissafi masu tsananin wuya. A wannan jami'a ce Andreas Junghanns da Jonathan Schaeffer suka ƙera manhajar Rolling Stone, wadda ta warware ɗakuna 59 daga cikin 90 da aka saba gwaji da su. Sai a 2020 ne manhajar Festival ta Yaron Shoham ta zama ta farko da ta warware dukan 90 ɗin, kusan shekara 40 bayan ƙago wasan.

Dalilin wahalar kuwa shi ne, kowane akwati da aka ƙara yana riɓanya yawan hanyoyin da za a bincika, mafi yawansu kuma ba sa ɓullewa. Mai tsara ɗaki ya san da haka, shi ya sa yakan shimfiɗa hanya mai sauƙi a gaban ɗan wasa, ya ɓoye ta gaskiyar a bayan turin da ido ke ƙi. Gaggawa, in ji Hausawa, aikin Shaiɗan ce.