Tecno da 'yan'uwanta: sun biya buƙatar jiya, saura ta yau

A shekarar 2005 kamfanin Nokia ya sanar da cewa ya sayar da wayarsa ta biliyan ɗaya cif, kuma a Najeriya aka saye ta. Ƙaramar wayar nan ce mai tocila, Nokia 1100, wadda aka sayar da sama da miliyan 250 irinta a duniya. A lokacin babu mai ja da Nokia a kasuwannin Afirka. Ba a cika shekara goma ba kamfanin ya sallama wa Microsoft sashen wayoyinsa. Yau duk wanda ya leƙa Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, sunaye uku ne za su cika masa ido a allunan shaguna: Tecno, Itel da Infinix. Masu saye da yawa suna ɗauka kishiyoyin juna ne, har ana musu a majalisa kan wadda ta fi, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ana yawan cewa araha ce ta ba shi kasuwa. Wannan bayani bai isa ba. Abin da ya ba shi kasuwa shi ne ya zauna ya lura da yadda mutanen nan ke rayuwa da waya, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna shi yanzu, domin rayuwar ta sauya.

Wanda ya kafa kamfanin a 2006, Zhu Zhaojiang, tsohon ma'aikacin wani kamfanin waya ne na Sin mai suna Ningbo Bird, inda ya yi aikin tallata kaya a ƙasashen waje. Ya yanke shawarar barin kasuwar gida, inda manya ke ta gwabzawa, ya fuskanci Afirka. Shi ya sa Basine na iya rayuwa a Shenzhen bai taɓa riƙe Tecno ba. A 2011 kamfanin ya buɗe masana'antar haɗa waya a Habasha, a 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, a 2019 kuma ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai. Alƙaluman kamfanin bincike na IDC sun nuna cewa a 2023 ya fitar da manyan wayoyi kusan miliyan 95, abin da ya sa ya zama na biyar a duniya, bayan Apple, Samsung, Xiaomi da Oppo.

Batun layi ne ya fara buɗe masa ƙofa. Tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, kiran layin wani kamfani ya fi kiran layin kamfaninka tsada, sabis ɗin da ke kamawa a cikin gari ba lallai ya kama a ƙauye ba, kuma sai a 2013 aka ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Saboda haka ɗan kasuwa kan riƙe waya biyu ko uku, wanda bai da hali kuma ya riƙa cire sim yana sa wani, yana ajiye na ukun a bayan batir. Manyan kamfanonin waya sun saba da Turai da Amurka, inda kamfanin layi ne ke sayen waya da yawa ya raba wa masu hulɗa da shi a kan yarjejeniya, kuma babu kamfanin layin da zai so wayar da ke ba abokin hamayyarsa masauki. Nokia ba ta fito da waya mai sim biyu ba sai wajen 2010. Kafin nan Tecno ta riga ta mayar da sim biyu abin yau da kullum, har ta yi mai sim huɗu. Babu wata fasaha mai wuya a cikin wannan. Kowa na iya yi, amma sai wanda ya ɗauki mai sayen da muhimmanci ya yi.

Haka abin yake ga batir. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta sa'o'i kaɗan, inda cajin waya da janareta ya zama sana'ar matasa a kowace unguwa, waya siririya mai shan caji kafin la'asar ba ta da amfani komai kyanta. Transsion ya yarda wayarsa ta yi kauri da nauyi muddin za ta kwana biyu. Ya ƙara wa lasifika ƙara saboda ana jin wa'azi da waƙa a cikin jama'a, ya bar rediyon FM da ramin memori a lokacin da wasu ke cire su, ya sa Amharik da Swahili da Hausa a cikin harsunan wayar. Wanda ya fi jan hankali shi ne kyamara. An horar da kyamarorin waya na farko da fuskokin fararen fata, shi ya sa baƙin mutum kan fito dusu-dusu idan haske ya yi ƙasa. Injiniyoyin kamfanin suka tara hotunan baƙaƙen fata masu yawa suka daidaita yadda kyamara ke auna haske. Akwai masu ƙorafin cewa gyaran kan wuce gona da iri, har ya haskaka fata kamar ta mai shafe-shafe, kuma ƙorafin yana da tushe. Duk da haka Google sai a 2021 ya yi shelar irin wannan gyara a wayarsa ta Pixel 6, kamar sabon abu.

Mai cewa araha ce kawai ya manta da cewa a shekarun nan kasuwa cike take da wayoyin Sin marasa suna, masu eriya da ƙarar tsiya, waɗanda suka fi Tecno araha nesa ba kusa ba. Ina suke yau? Sun ɓace domin idan sun lalace babu mai amsa sunansu. Transsion kuwa ya kafa Carlcare don gyara da garanti, ya wadata kasuwa da gilashi da batir da bakin caji, har ta kai yaron da ya koyi gyara a ƙarƙashin lema yana iya tayar da wayar cikin awa guda. Ya bi dillalai har ƙananan garuruwa, ya shafe bangon shaguna da shuɗin fenti. Talaka ba ya sayen abu mai araha don yana son araha. Yana lissafin wata nawa kayan zai yi masa da nawa zai kashe idan ya faɗi ƙasa, kuma a wannan lissafin ne kamfanin ya ci.

To, amma wayar 2010 da ta yau ba aiki ɗaya suke yi ba. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mai shayi da mai kayan miya da ɗan adaidaita duk suka koma karɓar tiransifa, kuma da yawansu ba su koma baya ba. Yanzu a cikin wayar ne asusun banki yake, da lambar BVN, da saƙon sirrin da banki ke turowa kafin kuɗi su fita, da hotunan iyali. Buƙatar da ta fi kowace girma ta tashi daga batir ta koma tsaro, kuma tsaro abu ne da mai saye ba ya gani a kan kanta. Yana iya auna nauyin waya a hannu, ya gwada kyamara, ya ji ƙarar lasifika, amma ba zai iya ganin ko manhajar cikinta tana da ɓaraka ba.

Ga yadda abin ke aiki. Android, tsarin da ke tafiyar da waɗannan wayoyi, na Google ne, kuma a kai a kai ana gano kafofin da ɓarayin intanet ke iya shiga ta cikinsu. Google kan fitar da gyara, amma yawancin gyaran ba ya isa wayar mutum sai kamfanin da ya ƙera ta ya ɗauka ya daidaita shi da wannan samfurin ya turo. Aiki ne mai cin kuɗi da ma'aikata, kuma ba ya kawo riba nan take, tunda an riga an sayar da wayar. Kamfanin da ke fitar da samfura barkatai a kowace shekara, kowane da ɗan bambanci, yakan yi saurin yaye tsofaffin. Mai wayar na ganin tana aiki lafiya, bai san an daina kula da ita ba. Hatsarin kuma ba zato ba ne. A 2020 masu bincike na Secure-D suka bayyana cewa sun gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin dubu 53 a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu. Manhajar na cinye data, tana ƙoƙarin yi wa mutum rajistar abubuwan biya ba da saninsa ba, kuma da ita aka sayi wayar tun a kwali. Kamfanin ya ɗora laifin a kan wani daga cikin masu kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara. Ko da an karɓi wannan uzuri, sunan Tecno ne a jikin wayar, kuma shi mai saye ya amince wa.

Akwai kuma hanyar da ake mayar da ribar da aka sadaukar a farashi. Sabuwar waya kan zo da manhajoji da yawa da mai ita bai nema ba, wasu ba sa goguwa, ga tallace-tallace da ke faɗowa a fuskar waya suna shan datar da mai wayar ya saya da guminsa. Boomplay na waƙoƙi da PalmPay na hada-hadar kuɗi duk suna da alaƙa da Transsion, kuma samun gurbi a cikin wayar tun daga masana'anta ya taimaka musu ƙwarai. Ba laifi ba ne kamfani ya nemi riba ta wannan hanya, Xiaomi ma haka yake yi. Abin lura shi ne wanda ya ƙera wayar, ya riƙe kiɗan da ake ji, ya kuma shiga harkar kuɗin mai ita, ya san abubuwa da yawa game da shi, kuma nauyin kare su ya hau kansa daidai gwargwado.

Za a ce wannan magana ce ta masu hali, wai wayar talaka ba za ta ɗauki kulawar shekara da shekaru ba sai farashinta ya tashi, ga naira ta faɗi tun 2023. Gaskiya ne kulawar na da tsada. Amma Samsung, wanda ya yi alƙawarin shekara 7 ga Galaxy S24, ya ba ƙaramar wayarsa A16 shekara 6, kuma ba wayar attajirai ba ce. Tarayyar Turai kuma tun daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa duk mai sayar da waya a ƙasashenta ya ci gaba da sabunta tsarinta na aƙalla shekara 5 bayan ya daina sayar da samfurin, ya kuma ajiye kayan gyara na shekara 7. Baturen da ke sauya waya lokaci-lokaci ya sami wannan kariya. Wanda zai riƙe waya har ta tsufa, ya ba ƙaninsa, ƙanin ya sayar wa wani a matsayin ta hannu, shi ne ya fi kowa buƙatarta. Transsion, da ya fitar da manyan wayoyi kusan miliyan 95 a 2023, zai iya rage yawan samfura ya raba kuɗin kulawar a kan miliyoyin masu saye. Ya ma fara yin alƙawarin 'yan shekaru ga wasu wayoyinsa masu tsada, wanda ke nuna iyawa ba ita ce matsalar ba. Gudu zuwa tsohuwar iPhone ko Samsung ta hannu ma ba mafita ba ce idan ita ma an daina sabunta ta.

Hukumar NCC ce ke amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a Najeriya, kuma tun 2023 ƙasar na da dokar kare bayanan jama'a. Babu abin da zai hana a wajabta rubuta ranar da za a daina sabunta waya a jikin kwalinta, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewar magani. Kafin hukuma ta motsa, mai karatu ya shiga saitin wayarsa, ya duba bayanin waya, ya nemi ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ta haura shekara guda, kada ya bar kuɗi masu yawa a asusun da ke haɗe da wannan waya, kuma ran da zai sayi sabuwa ya tambayi mai shago shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin kula da ita kafin ya tambayi girman kyamara.