Kundin Git: Abin da ɗan kasuwar Lafiya zai tambaya kafin ya biya kuɗin manhaja

A garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun 1996, ana samun matasa masu rubuta wa 'yan kasuwa manhajar kwamfuta ta lissafin kaya da bashi, wasunsu ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011. Sai dai dillalin riɗi ko shinkafa da ya biya kuɗin irin wannan aiki yakan manta da tambaya guda: ina asalin rubutun yake ajiye? In a kwamfuta ɗaya ne, ranar da ta lalace ko mai ita ya koma Abuja, kuɗin ya bi ruwa.

Maganin da masu sana'ar suka dogara da shi shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kuma kyauta ne. Aikinsa irin na littafin akawu ne: kowane gyara yana da ranarsa da sunan wanda ya yi shi.

Ƙwararre kan fara aikin safe da umarnin git pull, don ya karɓo abin da abokan aiki suka ƙara. Kafin ya ajiye komai sai ya duba git status, sannan ya zaɓi fayilolin da git add, ya rufe da git commit tare da taƙaitaccen bayani, misali "an gyara lissafin ragin farashi". Wanda ya rubuta "gyara" kawai, bayan wata shida shi kansa ba zai gane ba. Duk wannan ajiya ba ta buƙatar intanet, abin da ya dace da wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. In ya dawo, git push ne ke aika kwafi zuwa ma'ajiya irin ta GitHub, kamfanin da Microsoft ya saya dala biliyan 7.5 a 2018.

Sabon gwaji a reshe na daban ake yinsa, don kada a taɓa manhajar da shago ke ciniki da ita. In gyara ya ɓata lissafi, git revert zai warware shi ba tare da goge tarihi ba. Lambar sirrin banki kuwa ba a saka ta cikin kundin, domin ko an cire ta daga baya tana nan a tsohon shafi.

Abin da ya rage wa mai biyan kuɗi shi ne a buɗe ma'ajiyar da sunan kamfaninsa, a rubuta hakan cikin yarjejeniya, kuma ya ga aikin a ciki da idonsa kafin ya cika ragowar kuɗin.