Yadda Ake Gano Adireshin da Ba Shi da Mai Shi a Sadarwar Kwamfutoci

Kowace kwamfuta ko wayar hannu da ta shiga sadarwa tana da lambar da ake gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP. A tsarin IPv4 lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.20. Jimillarsu kimanin biliyan 4.3 ce, kuma a watan Fabrairun 2011 babbar taskar duniya ta raba na ƙarshe. Kason Afirka yana hannun hukumar AFRINIC. Ashe ke nan kamfanin wayar da ke aiki a Tsamiya ta ƙaramar hukumar Bagudo, da takwaransa na Segbana a Jamhuriyar Benin, daga rijiya guda suke ɗiba.

Tun 1994 aka keɓe wasu adireshi don amfanin cikin gida, ciki har da duk masu farawa da 10 ko 192.168. Kowace makaranta tana iya amfani da su kyauta, da sharaɗin kada na'urori biyu su ɗauki guda a sadarwa ɗaya. In haka ta faru, saƙon wannan sai ya faɗa hannun waccan, hulɗa ta yanke. Da yake tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar JAMB, mai karatu ya san abin da wannan ke nufi ga ɗalibin da lokaci ke ƙure masa.

To, yaya ake gane adireshin da babu kowa a kansa? Da littafi ake farawa. Na'urar da ke raba adireshi, bisa tsarin DHCP, tana ajiye jerin waɗanda ta ba da aro. Sai dai ba ta san na firinta da makamantanta da aka sa wa lamba da hannu ba. Don haka sai a bi gida-gida ana sallama da umurnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Wanda ya amsa, akwai shi. Amma shiru ba hujja ba ce, domin kwamfutoci da yawa an hana su amsa irin wannan sallama. Tambayar ARP ta fi ƙarfi: ana shelanta wa kowa cewa wa ke da lamba kaza, kuma duk na'urar da ke kunne a wannan sashe sai ta amsa, in ba haka ba saƙo ba zai isa gare ta ba. Ko ita ma ba ta tayar da kwamfutar da aka kashe. Rumfar da aka tarar wayam ranar da kasuwa ba ta ci, mai yiwuwa mai ita ya ƙetara Segbana ne, gobe zai dawo. Shi ya sa ake maimaita binciken kwanaki da dama, musamman lokacin da akwai wuta kuma ɗalibai suna aji. Ba a kuwa yin sa a sadarwar wasu sai da izininsu.

Neman unguwa guda, wato rukunin adireshi, ya fi buƙatar lissafi. A ɗauka wata makarantar sakandare a Bagudo tana da 192.168.1.0 zuwa 192.168.1.255, adireshi 256 ke nan, tana son buɗe sabon ɗaki mai kwamfutoci 40. Girman unguwa ninkin biyu-biyu yake tafiya: 16, 32, 64, 128. A kowace kuma ana cire biyu, na farko sunan unguwar ne, na ƙarshe na shela ne. Mai 32 za ta ɗauki 30 kawai, tilas a nemi mai 64.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. A ce an tarar daga 100 zuwa 163 babu kowa. Adireshi 64 ne cif, amma ba su zama unguwa ba. Dalili kuwa, kwamfuta da 0 da 1 take ƙirga, lamba ta ƙarshe gurabe takwas gare ta. A unguwa mai 64, gurabe biyun farko su ne alamar unguwar, shidan da suka rage su ne lambar gida. Gurabe biyu kuwa siffa huɗu kaɗai suke bayarwa, don haka mafari ba ya wuce 0, 64, 128 ko 192. Filin 100 zuwa 163 ya haɗa wutsiyar unguwa ta biyu da kan ta uku. Abin da malamin kwamfuta zai yi shi ne ya duba masu zaune daga 164 zuwa 191, ya sauya musu lamba zuwa wani wuri. Da zarar sun tashi, 128 zuwa 191 ta zama tasa: gurbin kwamfutoci 40, da na rauta guda, da rarar 21.